Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka sayi shimfiɗar maus ta wasan kwamfuta

Ɗan yayata ya yi wata huɗu yana tara kuɗi kafin ya sayi maus na wasa, irin marar nauyin nan mai ƙananan madannai a gefe. Kwana uku da sayensa sai ga shi ya zo mini rai a ɓace.

"Kawu, ina jin jabu aka sayar mini. Saitina sai tsalle yake yi, in kuma na fizga da sauri sai in tsinci kaina ina kallon sama."

Na bi shi ɗakinsa. Teburinsa irin mai rufin fomeka ne, sai sheƙi yake yi, ya kuma ɗora maus ɗin a kan bangon wani tsohon littafin makaranta da faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. Da na kifa maus ɗin na duba, ƙafafunsa har sun fara karcewa. Na koma gida na ɗauko masa tsohuwar shimfiɗata ta yadi na ce ya gwada. Kafin la'asar ya bar maganar jabu.

Abin da ya same shi yana samun masu wasa da yawa. Kuɗi sukan ƙare a kan kwamfutar kanta da sikirin da maus, sai a wayi gari an manta da abin da maus ɗin zai yi tafiya a kai. 'Yan kasuwa suna kiran wannan shimfiɗa maus-fad, kada dai a rikita ta da hannun wasa da yara ke kira fad. Wanda wasansa ƙwallo ne da hannun wasa, ko harbi a waya, wannan magana ba ta dame shi ba. Ta shafi wanda ke zama gaban kwamfuta yana buga Counter-Strike 2 ko Valorant ko Apex Legends ko Dota 2, inda hannun da ke kan maus shi ne komai.

Abin da idon maus yake gani

Maus na farko, wanda Douglas Engelbart da Bill English suka ƙera a Kalifoniya a 1964, akwatin katako ne mai ƙananan tayoyi biyu a ƙasa. Bayansa aka yi zamanin mai ƙwallo, wanda duk wanda ya shiga gidan intanet a farkon shekarun 2000 zai tuna: ƙwallon roba ce take birgima, tana buƙatar wurin da za ta kama, in ta kwashi datti kuma sai an buɗe an kankare. A lokacin shimfiɗa dole ce. Masu amfani da haske na farko ma, irin na kamfanin Mouse Systems a farkon shekarun 1980, ba sa motsi sam sai a kan faranti na musamman mai sheƙi da aka zana wa layuka. Sai a 1999, da Microsoft ya fito da IntelliMouse Explorer, maus mai haske da ke aiki a kan kusan kowane tebur ya shiga hannun jama'a. Daga nan mutane suka ɗauka shimfiɗa ta zama ado.

A aikin ofis ana iya cewa haka ne. A wasa kuwa lamarin ya bambanta, kuma dalilin yana cikin yadda idon yake aiki. A ƙarƙashin maus akwai ƙaramar fitila da ke haska saman tebur, da kyamara mitsitsiya da ke ɗaukar hoton wurin sau dubbai a daƙiƙa guda. Na'urar tana gwada kowane hoto da wanda ya gabace shi, ta ga inda ƙananan tabo da inuwoyin zare suka matsa, daga nan ta san nisan da hannu ya yi da kuma inda ya nufa. Ke nan idon yana neman alama. Saman da ya yi sumul yana walƙiya, kamar gilashin taga ko tayil ko fomeka mai sheƙi, ba ya ba shi alamar kirki. In ana jan hannu a hankali yakan lallaɓa ya bi, amma da an fizga sai hotuna biyu su ƙi kama da juna, ya ɓata hanya. Wannan shi ne juyawar da ɗan yayata yake gani.

Yawancin idanun da ke cikin maus na wasa a yau na kamfanin PixArt ne na Taiwan, ko kuma na Logitech da yake kira HERO, kuma sun ƙware ƙwarai. Kusan kowace shimfiɗar yadi mai tsabta za su karanta ba matsala. Don haka tambayar ko ido zai gani ta kusa zama tarihi. Abin da ya rage shi ne abin da hannu zai ji.

Ka fara da awo

In da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak da mai saye zai kula da shi, girma zan ce, tun kafin suna da launi da irin yadi.

Ga lissafin. Kowane maus yana da lambar da ake kira DPI, wato yawan ɗigon da yake ƙirgawa idan ya yi tafiyar inci guda. A cikin wasan ma akwai wata lamba ta saurin juyawa. Ƙwararrun 'yan Counter-Strike da yawa suna wasa a DPI 400 ko 800, da sauri ƙasa-ƙasa, saboda in juyawa tana da nauyi ƙaramar rawar hannu ba ta kauce da saiti. A ɗauki wanda ya sa DPI 400 da sauri 2 a Counter-Strike 2. Wasan yana juya shi digiri 0.022 a kowane ɗigo, a ninka da saurin da ya zaɓa. Kafin ya zagaya da'ira cikakkiya, digiri 360, sai maus ya yi tafiyar kusan santimita 52. Waiwaye kawai, ya ga wanda ya biyo shi ta baya, santimita 26 ne.

To a ɗora wannan mutum a kan matsakaiciyar shimfiɗa mai faɗin santimita 32. Maus ɗin kansa ya cinye wajen santimita 6, saura 26. Tunda daga tsakiya hannu yake tashi, 13 ke gare shi dama, 13 hagu. Wato kwata ɗin da'ira kaɗai zai juya kafin ya kai baki, sai ya ɗaga maus ya mayar tsakiya ya sake ja. A wannan ɗan tsakanin ake harbe mutum. A shimfiɗa mai faɗin santimita 45 kuwa yana da kusan 19 da rabi kowane ɓangare, wanda ya ba shi digiri 135 a ja ɗaya. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, kuma ba wani yadi mai tsada da zai cike gurbinsa.

Akwai wata ɓarnar da ƙaramar shimfiɗa ke yi a ɓoye. Mai wasa yakan gaji da faɗawa baki, sai ya ƙara saurin maus don ya wadatu da ɗan filin da yake da shi. Daga nan ya koma wasa da wuyan hannu kaɗai, saiti ya riƙa rawa, shi kuma ya ɗora laifin a kan kansa ko a kan maus. Shimfiɗar ce ta zaɓa masa salon wasa bai sani ba.

Kowa zai iya auna nasa. Ka shiga wasan, ka fuskanci wata alama a bango, ka ajiye rula a gefen maus, ka ja a miƙe har ka dawo kan alamar. Nisan da ka samu, ka nemi shimfiɗar da faɗinta ya kusa kai shi, ko aƙalla ya ba ka damar waiwaye ba tare da ɗaga hannu sau biyu ba. Ga mai wasan harbi, girman da aka fi yarda da shi yana tsakanin santimita 45 zuwa 49 a faɗi da 40 zuwa 42 a tsaye. Babbar SteelSeries QcK 45 da 40 ce, Logitech G640 kuma 46 da 40. Mai wasan Dota 2 ko League of Legends, wanda kibiyarsa ke yawo a allo da sauri kuma hannunsa ba ya nisa, matsakaiciya ta ishe shi.

Akwai kuma doguwar nan da ke ɗaukar kibod da maus gaba ɗaya, yawanci santimita 90 da 40, kamar Logitech G840. Tana ƙawata tebur, tana hana kibod zamewa, babu kuma bakin da maus zai faɗa ta ɓangaren kibod. Sai dai a lura da masu 80 da 30 da suka cika kasuwa: tsawonsu yana ruɗin ido, amma santimita 30 a tsaye ya yi kaɗan ga wanda ke jan maus ƙasa don danne tashin bindiga. Kafin komai dai a auna tebur. Shimfiɗar da ta leƙo waje ta lanƙwashe a bakin tebur ta riga ta lalace.

Santsi da kamu

Kamfanoni sukan raba kayansu gida biyu, mai gudu da mai kamu. Razer ma ya yi shekaru yana sayar da shimfiɗarsa Goliathus iri biyu a kan wannan rabo. Rabon yana da amfani, amma ya taƙaita zancen, domin gogayyar da ke tsakanin maus da shimfiɗa iri biyu ce.

Ta farko ita ce ƙarfin da ake buƙata kafin maus da ke tsaye ya motsa. Ta biyu ita ce turjiyar da ake ji bayan ya riga ya kama tafiya. Duk wanda ya taɓa tura buhun hatsi a kan siminti ya san tayar da shi ya fi ci gaba da jansa wuya. Idan ta farkon ta yi yawa, ƙaramin gyara yakan gagara: kana so ka matsa saiti ɗan ƙiris zuwa kan abokin gaba, maus ya ƙi tashi, ka ƙara ƙarfi, sai ya ɓalle ya wuce wurin. Masu wasa sukan ce shimfiɗar ta yi taɓo. Idan kuma ta biyun ta yi kaɗan, maus ya zama kamar a kan sabulu, tsayar da shi daidai inda ake so ya koma aikin tsokar hannu gaba ɗaya.

Wasan da kake yi shi ke nuna wadda za ka fifita. A Counter-Strike 2 da Valorant ana tsare kusurwa ne, a fizga sau ɗaya a tsaya cak a harba, harsashi ɗaya ko biyu sun raba gardama. Nan birki ake nema, shi ya sa shimfiɗun yadi masu kamu irin QcK da Zowie G-SR suka daɗe a teburan gasa. A Apex Legends da Overwatch kuwa abokin gaba ba ya faɗuwa da wuri, yana tsalle yana kauce-kauce, dole saiti ya bi shi na tsawon daƙiƙoƙi yana sauya hanya. Nan wadda ke sakin maus da sauƙi ta fi daɗi.

Ra'ayina ga wanda bai san inda ya dosa ba tukuna: ya fara da yadi mai matsakaicin kamu. Daga tsakiya ne mutum yake gane ko gudu yake so a ƙara masa ko birki. Wanda ya fara da mafi santsi yakan sha wata guda yana faɗa da hannunsa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne saƙar yadin. Kamar yadda masaƙi ke haɗa zare da abawa, shi ma wannan yadi yana da zaren tsaye da na kwance, kuma a wasu shimfiɗun jan maus dama da hagu ya fi jansa sama da ƙasa sauƙi. In bambancin ya yi yawa, da'irar da hannu ya zana takan fito kamar ƙwai. Ana ganewa da yatsa: a shafa a kwance, a shafa a tsaye, a ji ko ɗaya ya fi kaushi.

Yadi, roba mai tauri, gilashi

Yadi shi ne na kowa. Yawanci zaren foliyesta ne aka manna a kan roba mai laushi. Yana da araha, ba ya ƙara, yana da daɗi a fata, ana naɗe shi a jaka, ba ya kuma cin ƙafafun maus. Aibinsa shi ne yana shan duk abin da ya taɓa shi, gumi da maiƙon jiki da ƙura, kuma yana tsufa ba daidai ba, tsakiya ta riga gefe.

Mai tauri, ta filastik ko alminiyom, irin Logitech G440, tana da gudu kuma tsumma ɗaya ya ishe ta tsabta. Sai dai tana ƙara, tana cin ƙafafu, in kuma rufin samanta ya goge a tsakiya ba ta gyaruwa. Yayinta ya ja baya.

Gilashi ne ya karɓe mata kasuwa. Ba sabon abu ba ne, domin kamfanin Denmak da daga baya ya zama SteelSeries da shimfiɗar gilashi mai suna Icemat ya fara a 2001. Gilashin ya sake tashe a 'yan shekarun nan ta hannun SkyPAD da Pulsar, sai Razer ya fito da Atlas a 2023. Wannan gilashi daban yake da na taga: an gasa shi ya yi ƙarfi, an kuma dusashe samansa da ƙananan ƙofofi don ido ya sami abin karantawa. Babbar falalarsa ita ce ba ya canzawa. Danshi ba ya shigarsa, tsakiyarsa ba ta tsufa, yadda ka bar shi bara haka za ka same shi bana. Amma yana da nauyi da tsada, birki kusan babu, fatar hannu mai gumi tana manne masa har sai an sa safar dantse, kuma ƙwayar yashi ɗaya tak in ta shiga ƙarƙashin maus za ka ji ta har cikin haƙori. Ba zan ba sabon ɗan wasa shawarar farawa da shi ba.

Tsakanin yadi da mai tauri akwai 'yan tsaka-tsaki, masu saƙa mai ƙarfi da ɗan kaushi, kamar Razer Strider, da waɗanda aka yi da Cordura, yadin nailan ɗin nan na jakunkunan tafiya. Ba sa shan ruwa da sauri, suna da gudu fiye da yadi na yau da kullum. Wasu suna kuka da cewa suna goge musu fatar dantse, don haka a taɓa kafin a biya in da hali.

Kauri, gindi da kalmasa

Kauri yana farawa daga milimita 1, kamar Logitech G240, ya kai 6, kamar babbar QcK Heavy. Siririya tana bin duk abin da ke ƙarƙashinta, in tebur yana da tsaga ko kan ƙusa maus zai ji. Mai kauri tana ɓoye wannan, kuma yawancin teburan kafinta da muke amfani da su suna buƙatar a ɓoye musu wani abu. Milimita 3 zuwa 4 ya wadatar.

Laushin gindin ma yana shiga cikin wasa. In robar tana da taushi, danna maus ƙasa kaɗan yakan nutsar da ƙafafunsa ya ba da ƙarin birki. Wasu suna son haka, suna tsayar da saiti da nauyin hannu. Wasu kuma hannunsu yana ƙanƙamewa in wasa ya yi zafi, sai maus ya riƙa nutsewa lokacin da ba su so. Kamfanin Artisan na Japan saboda wannan yake sayar da yadi iri ɗaya a kan gindi uku, mai taushi sosai da mai taushi da matsakaici. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne riƙon tebur. Shimfiɗar da ke tafiya tare da hannu ba ta da amfani ko nawa aka saye ta.

Kalmasar baki tana hana yadi ɓarewa daga roba. Mai kyau takan kwanta daidai da saman shimfiɗar ko ƙasa da shi. Mai arha takan yi tudu, tana gurzar dantse duk daren.

Ƙura, gumi da damina

Nan ne nake ganin shawarar da ake karantawa a intanet take gaza mana. Masu gwada waɗannan kaya yawancinsu suna zaune a ɗakunan da sanyi da danshinsu ba sa motsi duk shekara. Mai wasa a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yana da shekara mai fuska uku, kuma shimfiɗar yadi tana sauya hali da kowacce.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska ta bushe, yadi yakan yi gudu fiye da yadda aka saba. Amma ga ƙura. Na sha barin baƙar shimfiɗa da dare in tashi da safe in ja yatsa a kai, layi ya fito baƙi ƙirin a tsakiyar fari, alhali taga a rufe take. Wannan ƙura laushinta kamar hoda, tana shiga tsakanin zare, in ta haɗu da maiƙon hannu sai ta daskare. Tana kuma taruwa a gefen ƙafafun maus da ramin ido. Maganinta mai sauƙi ne: in an gama wasa a rufe shimfiɗar da tsohon ɗankwali ko a kife ta, kafin a fara kuma a kakkaɓe a share da busasshen tsumma mai laushi. Mai gilashi sai ya share sau biyu ko uku a zama ɗaya.

Da bazara, Maris zuwa Mayu, zafi yana haura digiri 40, in wuta ta ɗauke fanka ta tsaya kuma gumi ya ce salamu alaikum. Inda dantse yake kwanciya yakan jiƙe, fata ta riƙa kamawa, hannu ya daina zamewa ko da maus yana zamewa. Mutane da yawa suna zargin shimfiɗa alhali dantsensu ne ya manne. Riga mai dogon hannu marar nauyi, ko safar dantse irin ta 'yan ƙwallon kwando, tana warware wannan da kuɗi kaɗan. Zafi kuma yana cin roba. Shimfiɗar da aka bari rana tana dukanta ta taga, ko aka manta a mota, gindinta yakan bushe ya tsage ko ya yi danƙo.

Da damina, musamman Agusta, zaren yana shan laimar iska, sai gogayyar farko ta ƙaru. Shimfiɗar da ke gudu a Janairu ta koma taɓo, mai wasa ya ga saitinsa ya lalace bai san dalili ba. Yadi mai laushi sumul, irin mai kamu sosai, shi ya fi shan wannan wahala. Wanda ke zaune a Legas ko Kumasi ko Duwala, inda laima ba ta ɗaukewa, gara ya nemi 'yar tsaka-tsaki ko mai saƙa mai ɗan kaushi tun farko.

Dalilin da ya sa na daɗe a nan shi ne saiti abu ne na sabo. Hannu yana koyon cewa ƙarfi kaza yana kai maus wuri kaza, yana maimaitawa sau dubbai har ya daina tunani. In shimfiɗa tana ba shi amsa ɗaya da safe wata da dare, ɗaya a tsakiya wata a gefe, koyon ba ya zama. Na fi son shimfiɗa mai araha da ba ta sauya hali a ɗakina a kan mai tsada da ke bin yanayi.

Ƙafafun maus

Rabin santsin da ake ji daga ƙafafun yake. Waɗannan 'yan fararen faifai da ke ƙarƙashin maus da PTFE ake yin su, sinadarin da aka fi sani da Teflon, wanda ke hana abinci kamawa a tukunyar suya. Suna gogewa, musamman a kan mai tauri da gilashi, in sun cinye kuma cikin maus ɗin ne zai riƙa jan ƙasa. Ana sayar da na canji, kuma sau da yawa sabbin ƙafafu sun fi sabuwar shimfiɗa gyara al'amari. Sabon maus wani lokaci yakan zo da siririyar leda a kan ƙafafun, a duba a ɓare. Akwai ƙafafu na gilashi ma, amma na kan yadi ne kawai, gilashi a kan gilashi karce juna suke yi.

Abin da ba sai ka biya ba

Fitilu masu launi a gefen shimfiɗa, waɗanda Razer Firefly ta yayata a 2015, ba sa ƙara komai a wasa. Suna cin ramin USB guda, suna hana wanki, bakinsu kuma yakan yi tauri. Zanen hoto ba ya damun idon maus na zamani, sai dai a wasu masu arha fentin yakan yi kauri har wurin da aka zana ya fi sauran santsi. Shimfiɗar ofis mai matashin wuyan hannu ba ta wasa ba ce, tana dasa hannu wuri ɗaya. Ita kuwa Powerplay ta Logitech, da ta fito a 2017 tana cajin maus marar waya yana cikin aiki, dabara ce mai kyau amma sai da maus na kamfanin da aka yi domin ta, kuma filinta bai kai na manyan shimfiɗu ba.

A kasuwa da bayan an kawo gida

Ko a Farm Centre ta Kano ne, ko Computer Village ta Ikeja, ko ta intanet, sunayen da suka yi fice ana kwaikwayonsu, kuma tambari a kan kwali ba shaida ba ne. Jabun shimfiɗa ba ta da haɗari kamar jabun caja, iyaka dai kada a biya kuɗin asali a kanta. In an yarda ka buɗe, ka shimfiɗa ta a kan kanta ka tura da tafin hannu ka ga ko tana zamewa. Ka shafa ko'ina ka ji ko saman ɗaya ne. Ka ja bakin da farce ka ga ko yadin yana rabuwa da roba. Ka sansana: sabuwar roba tana da ɗan wari da ke gushewa cikin kwanaki, amma wari mai hawa kai kamar na taya alamar roba ce marar kyau. Shimfiɗa marar suna da ta ci waɗannan gwaje-gwaje, in girmanta ya kai, ta fi ƙarama mai suna.

Wadda ta zo a naɗe takan ƙi kwanciya da farko. A ɗora mata littattafai kwana ɗaya ko biyu. Kada a sa mata dutsen guga, kada kuma a ninke ta, domin layin ninki ba ya fita. In za a yi tafiya da ita a naɗe ta yadi yana waje.

Wanki kuwa, a yanayinmu, duk wata ɗaya ko biyu ya dace. A jiƙa ta a baho da ruwa mai ɗumi kaɗan da ɗigon sabulun wanke-wanke na ruwa, a goga da soso mai laushi ba da buroshi ba, a fi ba tsakiya da wurin dantse ƙarfi. Ruwan da zai fito yakan ba mutum mamaki, ja-ja kamar na kududdufi. A ɗauraye har kumfa ta ƙare, domin sabulun da ya saura shi ma yana sa danƙo. Kada a murɗe, a danne da tawul, a shanya a kwance cikin inuwa. Da hunturu yini ɗaya ya isa, da damina sai a ba ta kwana biyu, kuma a tabbata gindin ya bushe kafin ta koma tebur.

Akwai ranar da wanki zai daina amfani. Ana gane ta da gwaji ɗaya: a tura maus da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan a hankali. In ya taho da sauƙi, ya zo tsakiya ya yi nauyi, ya wuce ya sake sakewa, kuma an wanke an shanya bai canza ba, zaren wurin ya riga ya kwanta. Kafin a sami kuɗin sabuwa ana iya juya ta, gefen da ke nesa ya dawo kusa, ko a matsar da ita hagu ko dama don hannu ya sauka inda bai taɓa ci ba. Ɗan yayata haka ya yi da tsohuwar tawa, ta kai shi har ƙarshen damina, sannan ya sayi mai santimita 45 da 40 da kuɗinsa.